Tarihin Sabo Ya Cancanci Shiga Aji

A wannan fitowa muna so mu ɗan waiwaya baya, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Dalilin waiwayen kuwa shi ne darasin tarihi ya dawo makarantun firamare da ƙananan sakandare na ƙasar nan bayan ya yi shekaru a waje. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wane irin tarihi za a koya wa 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu Yarabawa, waɗanda suke zaune a kan benci ɗaya?

Idan ba mu manta ba, tun daga zangon karatu na 2009 zuwa 2010 aka cire tarihi daga manhajar ilimin farko, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin zamantakewa. Masana suka yi ta kuka, har a watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, sa'an nan a 2025 ta sake jaddada cewa wajibi ne tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. Watau ke nan akwai samari da 'yan mata da yawa a unguwar nan da suka gama makaranta ba a taɓa zaunar da su an ba su labarin ƙasarsu ba. Abin da suka sani game da Bayarabe, da abin da ɗan Bayarabe ya sani game da su, a bakin titi suka tsince shi ko a waya. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Abin da littafi ya tsallake

Duk wanda ya buɗe littafin tarihi na makaranta zai ga an raba shi gida-gida. Ga babin Hausa Bakwai da Bayajida, ga babin Oduduwa da daular Oyo, ga na Benin, ga na Borno. Yaron da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa a Sabo, in ya karanta sai ya ga Bahaushe yana can Kano da Katsina, Bayarabe yana nan Oyo da Ife, kamar ba su taɓa haɗuwa ba sai da Bature ya ɗaure su wuri ɗaya a 1914. Shi kansa babu shi a cikin littafin. Abokinsa Bayarabe kuma sai ya ɗauka cewa mutanen Sabo jiya suka sauka daga motar shanu. Daga nan ne kalmar "baƙo" take samun gindin zama, ranar da faɗa ya tashi a kasuwa kuma ita ce ake fara jifa da ita.

Maganin wannan yana kusa da mu. Tarihin unguwa, wanda yaro zai iya takawa da ƙafa ya je ya gani, ya fi saurin shiga kai bisa ga labarin sarkin da ya mutu a wata nisan duniya. Gani ya kori ji. Bari mu ɗan jero kaɗan daga abin da malamin tarihi a Ibadan zai iya ɗauka daga ƙofar makarantarsa.

Zumunci ya girmi Bature

Na farko dai, hulɗar Hausawa da Yarabawa ta girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru. A Katsina akwai Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, kuma cikin rubuce-rubucen da ake jingina masa akwai amsar da ya ba malaman ƙasar Yarabawa a kan wata mas'ala ta lokacin salla. Ku duba fa: shekaru fiye da 350 da suka wuce, malami a ƙasar Yarabawa yana aika tambaya Katsina, ana dawo masa da amsa a rubuce. Shi kansa sunan "Yoruba" da ya game dukan ƙabilar a yau, a rubuce-rubucen malaman Arewa da na Timbuktu aka fara cin karo da shi, tun lokacin da mutanen Ijebu da Egba da Ekiti kowa yake amsa sunan gidansu.

Daular Oyo ta yi ƙarfi ne da sojan doki, dawakin kuwa daga Arewa ake kawo su. Tare da su ake kawo kanwa da fata da tufafi. Babban birnin Oyo na dā, Hausawa Katunga suke ce masa, kuma da wannan suna Baturen nan Clapperton ya rubuta shi lokacin da ya taso daga Badagry a ƙarshen 1825 ya isa can a farkon 1826, a hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato. A cikin birnin Kano kuwa, cikin ganuwa, akwai unguwar Ayagi, mazaunin fataken Yarabawa tun ƙarni na 19, kamar yadda ake da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa. Kun ga ashe kafin a yi Sabo a Ibadan, Yarabawa suna da tasu unguwar a Kano. Wannan kaɗai in yaro ya ji shi, tunaninsa game da wane ne baƙo zai sauya.

Na biyu, ita kanta Ibadan, wadda kakanninmu suke kira Badun, garin haɗaka ne. Ibadan ta yanzu ta kafu ne wajen 1829 a matsayin sansanin yaƙi, inda mayaƙan Oyo da Ife da Ijebu suka taru bayan yaƙe-yaƙen da suka wargaza garuruwa da yawa. Girmanta ya samu ne saboda ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo da ƙarfinsa ko sana'arsa, ba a tambayar ɗan wane ne. Har yau sarautar Olubadan ba gadon gida ɗaya ba ce, hawa ake yi mataki-mataki ta layi biyu har mutum ya kai. Garin da aka gina a kan karɓar baƙo, ai bai kamata 'ya'yansa su tashi ba su san haka ba.

Goro da shanu

Yanzu mu zo gida. A dā, goron da Hausawa suke ci daga ƙasar Gwanja ake ɗauko shi, a arewacin Ghana ta yau. Ayari kan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, da jakuna da alfadarai, a yi watanni ana tafiya har kasuwar Salaga, a sayar da kanwa da tufafi a sayo goron Asante. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892, sai hanyar ta fara juyawa, aka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci ta ruwa kafin ya shahara a cinikin gyaɗa.

Manoman Yarabawa da suka ga kasuwa, sai suka shiga shuka wannan irin goro a wuraren Agege da Ota da Shagamu da ƙasar Ijebu. Su dā ma suna da nasu, wanda suke kira abata, mu kuma muke ce masa hannunruwa. Sabon irin kuwa har gobe "gbanja" suke kiransa. Ku saurari kalmar da kyau: Gwanja ce. Watau manomin da ke Shagamu, duk lokacin da ya ambaci goron gonarsa, yana ambaton hanyar da fataken Hausawa suka bi ne, ko ya sani ko bai sani ba. Ga darasin tarihi guda cur a cikin ƙwayar goro ɗaya.

Sai kuma jirgin ƙasa. Dogo ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Tafiyar da take cin makonni ta koma ta kwanaki. Goro ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa Kurmi, Ibadan kuma tana tsakiya. Hausawa suka ƙaru a gari, suna zaune a gidajen Yarabawa a cikin tsohon gari, wajen Oja'ba. A 1916 ne hukumar gari, watau Baale da majalisarsa, domin a lokacin ba a fara kiran sarautar Olubadan ba sai a 1936, tare da Turawan mulki suka keɓe fili kusa da Mokola suka ce Hausawa su koma can. Dalilin da aka bayar ya haɗa da koke-koken sata da ake ɗora wa baƙin da ba a san mai masaukinsu ba, ga kuma tsarin Bature na raba kowace ƙabila da shugabanta don sauƙin haraji da tsaro. Shi ne tsarin da ya haifar da Sabon Garin Kano a 1913 domin mutanen Kudu. Wannan ma abin lura ne ga ɗalibi: katangar da ke tsakaninmu tana da ranar haihuwa, kuma an san waɗanda suka gina ta.

Amana ita ce jari

Abin da ya fi dacewa a koya wa yara daga tarihin Sabo shi ne yadda kasuwar shanu ta rayu. Mai shanu ya taso daga Arewa, ko daga Nijar ko Chadi, ya iso Kurmi inda ƙudan tsando yake. Ba shi da halin ya daɗe da dabbobinsa, in ya yi jinkiri sammore ya kama su, su rame, ya yi asara. Mahaucin Bayarabe kuma ba shi da kuɗin sa a hannu sai ya yanka ya sayar da nama. Mai shanu bai san mahauci ba, ba ya jin yarensa. To yaya za a yi ciniki?

A nan ne maigida, watau fatoma, da dillalansa suke shigowa. Maigida ya sauke baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa. Dillali kuma ya san kowane mahauci a gari, ya san gidansa, ya san nauyin bashin da zai iya ɗauka. Sai a ba mahauci sa bashi a kan maganar baka, babu takarda babu lauya, maigida ya tsaya a matsayin lamuni. In mahauci ya ci amana, labari ya zaga kara, ba mai ƙara ba shi ko ɗan maraƙi. In maigida ya ci amanar baƙo, labari ya kai Arewa, gidansa ya mutu. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, lokacin mutanen unguwar ba su wuce kimanin 4,000 ba, ya bi diddigin wannan tsari ya fitar da littafi a kansa a 1969, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Abin kunya ne a ce ɗalibi a Ingila ya san yadda kakanninmu suka yi ciniki da mahautan Ibadan, jikokinsu da ke nan ba su sani ba.

Haka abin yake a goro. Matan Yarabawa su ne suke saye daga gona su ɓare su jiƙa su wanke, ɗan kamasho ya tara, masu ɗauri su zaɓe goriya daban, marsa daban, minu daban, su jera a huhu da ganye yadda zai isa Sakkwato ko Maiduguri bai ƙone ba. Kowane hannu yana jiran ɗan uwansa. Shi ya sa ake cewa Bayarabe ke noma goro, Bahaushe ke cinsa, Ibo ke girmama shi. Idan ana neman misalin da za a nuna wa yaro cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba sai an je nesa ba.

Harshe ba ya ɓoye zumunci

Wata shaidar tana bakinmu. Ashana da muke kunna wuta da ita, daga Yarabanci muka aro sunanta. Haka agogo, da akawu, da gyale, da alabo. Su kuma in sun ce alubosa, ko alaafia, ko wahala, ko talaka, sun san ta hanyar Arewa kalmomin suka iso musu, wasunsu ma asalinsu Larabci ne. Suya kuwa ta zama ta kowa. Sunan "Gambari" da suke kiranmu da shi, masana da dama suna ganin daga Kambarin Barebari ya fito, wani rukunin fatake da suka yi suna a cinikin goro, kuma akwai unguwar Gambari a Ilori. Mutane ba sa aron kalma daga wanda ba su zauna da shi ba. Malami zai iya cinye darasi guda yana sa yara su farauto irin waɗannan kalmomi, kuma a ranar ɗan Sabo da yake jin harsuna biyu shi ne gwanin aji, maimakon wanda ake yi wa dariya saboda karin harshensa.

Kada a ɓoye ɗaci

To amma fa kada a ce za a koya wa yara zuma kaɗai. Yaro ba wawa ba ne, yana jin abin da ake faɗa a gida, kuma in malami ya ɓoye masa ɗaci, zai daina yarda da zaƙin ma. Akwai bauta a tarihin nan. A daular Oyo akwai bayi da yawa 'yan Arewa, masu kiwon dawaki da wanzamai da masu tufka igiya, kamar yadda aka yi bayi daga wasu ƙabilu a ƙasar Hausa. Wajen 1817 Afonja, babban kwamandan Oyo da ke Ilori, ya yi tawaye tare da taimakon Shehu Alimi da waɗannan bayi, daga baya aka kashe Afonja, Ilori ta koma masarauta ƙarƙashin Abdussalami ɗan Alimi. Wajen 1840 mayaƙan Ibadan suka tare na Ilori a Oshogbo. Har yau akwai Yarabawan da wannan labari yake yi musu zafi, kuma ya kamata ɗanmu ya san dalili.

Haka nan a 1863 Gwamna Glover na Ikko ya kafa rundunar da aka sani da Hausawan Glover, yawancinsu bayin da suka gudu, wadda daga ita sojan Nijeriya ya samo asali. Da irin waɗannan sojoji Kyaftin Bower ya zauna a Ibadan a 1893. Amma kuma rundunar Turawa da ta ci Kano da Sakkwato a 1903, sojojinta baƙaƙe ne, akwai Hausawa akwai Yarabawa a ciki. Kowa an yi amfani da shi a kan ɗan uwansa. A 1952 kuma mutanen Sabo suka daina zuwa babban masallacin gari suka tsayar da tasu Juma'ar, a daidai lokacin da ɗariƙar Tijjaniyya ta yaɗu a unguwar, abin da ya ƙara haɗa kanmu amma ya rage wurin da muke haɗuwa da Musulmin Yarabawa kafaɗa da kafaɗa.

Na kusa-kusa kuwa ba sai an tuna wa kowa ba. A watan Yuli na 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu lokacin bikin Oro, aka yi asarar rayuka, bayan 'yan kwanaki aka yi ramuwa a Kano a kan Yarabawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A Nuwamba na shekarar aka yi na Ketu a Ikko, a Fabrairu na 2002 na Idi-Araba, a Maris na 2017 na Sabon Ile-Ife. A Fabrairu na 2021 kuma ga na kasuwar Shasha a nan Ibadan, wanda ya faro daga cacar baki a kan kayan gwari da suka zube a gaban shago, ya ƙare da gawawwaki da ƙonannun rumfuna da gidaje, har sai da gwamnoni suka taso daga Arewa suka zo suka zauna da gwamnan Oyo. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Abin da ɗalibi zai koya a nan shi ne yadda wuta take tashi. Saɓanin mutum biyu ne, sai jita-jita ta mai da shi na ƙabila biyu, sai wanda bai ji ba bai gani ba ya biya. A 1999 jita-jitar takan ɗauki kwanaki kafin ta isa Kano, a yau kuwa kafin a idar da salla ta zaga ƙasa ta waya. Kuma a tuna wa yara ɗaya ɓangaren: duk dattijon da ya ga irin waɗannan ranaku zai ba ku labarin maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaki, ko ya tsare masa shago har ƙura ta lafa. Waɗannan mutane ba a rubuta sunayensu a jarida ba, su ne kuma suka fi cancanta yara su yi koyi da su.

A ƙara musu da misalai biyu daga siyasa. A shekarun 1950 mutanen Inugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, falken shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 kuma Cif M.K.O. Abiola, ɗan Abekuta, ya kayar da Alhaji Bashir Tofa a jihar Kano, mahaifar shi Tofa ɗin. Abin da ya taɓa yiwuwa, ai ba a ce ba zai ƙara yiwuwa ba.

Yadda za a yi a aji

Ba muna cewa a sauya manhaja ba ne, wannan aikin hukuma ne. Amma manhajar ta bar wa malami fili ya kawo misali daga inda yake, kuma ga wasu hanyoyi da ba sa cin kuɗi.

A sa yara su zana taswirar unguwarsu, su nemo ma'anar sunan kowane lungu da wanda ya fara zama a wurin. A haɗa su biyu-biyu, ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe ko ɗan Ibo, su je tare su yi hira da tsoho ɗaya a Sabo da tsoho ɗaya a cikin gari, kowa ya yi wa ɗan uwansa tafinta. Yaron da ya shiga zauren kakan abokinsa aka ba shi ruwa ya sha, da wuya ya ɗauki dutse ya jefi gidan gobe. A kai su kara da rumfar goro su ga ciniki da idonsu, malamin lissafi ma ya samu nasa, tun da ƙwaryar goro guda 100 ce. A kai su Oja'ba da zauren Mapo da hasumiyar Bower, da gidan tarihi na haɗin kan ƙasa da ke Aleshinloye. Manyan ɗalibai kuma a kai su gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan, su ga fayilolin zamanin Turawa da idonsu.

Abu biyu muke roƙon malamai su kiyaye. Kada abin ya tsaya a ranar al'adu, inda za a sa wa yaro babbar riga da rawani, a sa wa wani agbada, a yi rawa a ci abinci a watse. Wannan yana da daɗi, amma sutura ba ta koyar da dalilin da ya sa za ka mutunta mutum. Sa'an nan kada a tsayar da ɗan Sabo a gaban aji a ce ya amsa laifin 'yan bindiga ko na wani makiyayi da bai taɓa gani ba, kamar yadda ba za mu so a tsayar da ɗan Bayarabe a Kano a tuhume shi da abin da wasu suka yi a Ikko ba.

Namu nauyin

Jama'a, malami ba zai koyar da abin da ba shi da shi a hannu ba, kuma yawancin tarihin Sabo yana cikin kawunan tsofaffinmu ne. Kowace shekara muna kai wasu makwanci, kowane ɗaya kuma yana tafiya da abin da ya sani. Ya kamata ƙungiyarmu ta naɗa matasa masu ilimi su bi dattawa gida-gida da waya su naɗi muryoyinsu. Kada a manta da iyayenmu mata, domin tuwo da fura da ƙosai da suka riƙa yi daga cikin gida su ne suka ciyar da baƙin fatake shekara da shekaru, kuma da wannan kuɗi aka aurar da 'ya'ya aka gina ɗakuna. A tattaro tsofaffin rasit na haraji, da wasiƙun ajami, da hotuna, da littattafan bashi na masu gida, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Daga nan a fitar da ɗan ƙaramin littafi cikin Hausa da Yarabanci da Turanci, a nemi masana tarihi na jami'a su duba shi, a kuma nemi dattawan Yarabawa su faɗi nasu ɓangaren, don kada ya zama mu kaɗai muke yabon kanmu. Sai a kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da shugabannin makarantu.

Haka kuma mu riƙa halartar taron iyaye da malamai. Sau da yawa kujerunmu ne babu kowa a ranar taro, wanda kuma ba ya nan ba a yin rabo da shi. Makarantunmu na Islamiyya su ma su ɗauki nasu kason, tun da malamanmu sun fi kowa sanin abin da aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta koyar game da hikimar bambancin ƙabilu, da abin da addini ya ce a kan haƙƙin maƙwabci ko da ba addininku ɗaya ba. Tun a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta so kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku bayan nasa. Mu a nan Allah Ya kawo mana abin har gida, saboda haka kada mu hana yaranmu Yarabanci, kada kuma mu bari Hausa ta kuɓuce musu.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi ƙarfin nishaɗi. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 41 da 42 da 43, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama da mallakar fili a ko'ina, ya kuma hana nuna masa bambanci saboda asalinsa. Duk da haka kowa ya san wahalar da yaron Sabo yake sha ranar da aka ce ya kawo takardar shaidar asali don shiga makaranta ko neman aiki. A nan a ce masa ɗan Arewa ne, can kuma a garin kakansa ba wanda ya san fuskarsa. Dokar da za ta gyara wannan, 'yan majalisa ne za su yi ta, 'yan majalisar gobe kuwa su ne suke zaune a aji huɗu yau. Wanda ya tashi ya san Sabo ta haura shekara 100 a Ibadan, ya san Ayagi ta fi haka daɗewa a Kano, zai fi sauƙin fahimtar kukanmu in ya hau kujera.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Gaskiya ne ga wanda ya zo cin rani. Amma mutanen da suka binne kakanni a ƙasa, suka haifi jikoki a kanta, sun wuce a kira su raɓa, kuma nauyin zaman lafiyar garin yana wuyansu kamar yadda yake wuyan kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk mai tsohuwar takarda ko hoto ko labari, muna roƙonsa ya tuntuɓi shugabannin ƙungiya domin a fara aikin tun masu labarin suna raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Ibadan da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Amin. Wassalam.